Ba kai kaɗai kiɗan nan yake fitarwa daga labari ba

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce waƙar rufewa ta Clannad After Story, katun ɗin nan na Japan, ta hana ka jin daɗin shirin, domin ana gama nuna abin da ya sa ka hawaye sai kiɗa mai zafi ya faɗo maka, ka kuma ƙara da cewa ko a katun ɗin Dragon Ball kana jin kiɗan faɗa yana tafiya daban da abin da ido yake gani, kana son sanin ko kai kaɗai hakan yake damu. Na ga wasu sun amsa maka da dariya, har wani ya ce ka kashe sauti ka riƙa karanta rubutu. Ni ban ga abin dariya ba, saboda wannan matsala ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a kan shirin da ka fara ambata ta fi yi mini ciwo.

Na kalle shi ne a shekarar da muka yi rashin yayata, wadda Allah ya yi wa rasuwa wajen haihuwa, lokacin ina makaranta muna zaune mu da yawa a ɗaki ɗaya. Ban san inda labarin zai nufa ba. Da muka iso wurin da matar jarumin take rasuwa wajen haihuwa, wanda duk wanda ya kalla ya sani, ɗakin ya yi tsit, ni kuwa hawaye ya ƙwace mini a gaban mutane, abin da ko ranar jana'iza na yi ƙoƙarin dannewa. Ban gama share fuska ba sai ga waƙar nan mai suna Torch ta shigo da tsalle-tsallenta, kamar an shigo da kalangu gidan makoki. Nan take wani abokin zamanmu ya miƙe yana tafi yana taka rawa, yana nuna ni yana cewa in tashi mu cashe tunda masu katun ɗin ma ba su ɗauki mutuwar da zafi ba. Sauran suka fashe da dariya, kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin waƙar ce ta buɗe musu ƙofa.

Wannan abokin zaman namu ne dai har yau nake jin zafinsa. Ya san rashin da na yi, domin har gidanmu ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarma ɗaya da mahaifinmu, ya yi addu'a aka shafa. Duk da haka bai bar maganar ta mutu a wannan dare ba. Ya nemo waƙar ya sa a wayarsa, ina shigowa ɗaki sai ya kunna, ya kuma laƙaba mini suna mai kukan katun har sunan ya kai ajinmu. Da na yi masa magana a keɓe cikin mutunci, cewa ya yi ban iya wasa ba, wai namiji ba ya kuka a kan zane. Bai taɓa ba ni haƙuri ba har muka rabu, kuma kwanakin baya da muka haɗu a wani ɗaurin aure sai da ya tuno da zancen yana dariya a gaban mutanen da ba su san komai a kai ba. Na yafe masa don Allah, amma har gobe ba na iya jin farkon wannan waƙa ban ji ƙirjina ya yi nauyi ba.

Bayan abin ya lafa ne na shiga neman sanin yadda ake yin irin wannan aika-aika a shirin da aka tsara da kulawa haka. Waƙar buɗewa da ta rufewa kowacce kusan daƙiƙa 90 ce, kuma ana zaɓarsu ne domin zango guda gaba ɗaya, kashi 12 ko 13, wani lokaci ma fiye, tun kafin a gama zana ƙarshen labarin. Sau da yawa kamfanin waƙoƙi yana cikin waɗanda suka zuba jari a shirin, saboda haka wannan gurbin talla ce ga mawaƙinsa, kuma ba kowane darakta ne yake da ikon cire ta a makon da ya ga dama ba. Shirin da ka kalla an haska shi daga 2008 zuwa 2009, kuma farkonsa raha ce da rayuwar makaranta, inda waƙar ta dace sarai. Da labarin ya juya ita ba ta juya ba. Abin da ya sa ba na yi musu uzuri gaba ɗaya shi ne wasu sun nuna ana iya gyarawa: a wani katun mai suna Madoka Magica na 2011, daga kashi na 3 da labarin ya nuna ainihin fuskarsa aka fara rufe shi da waƙa mai duhu wadda makaɗiya Yuki Kajiura ta tsara.

Kiɗan da ke cikin labarin ma haka yake a yawancin shirye-shiryen talabijin. Mai kula da sauti yana ba makaɗi jerin abin da ake buƙata, na faɗa, na baƙin ciki, na barkwanci, na fargaba, shi kuma ya tsara su da dama ba tare da ya ga hoton ba, daga baya wani ya riƙa ɗaukowa yana ɗorawa a kowane kashi. Idan lokaci ya ƙure, kiɗan da aka yi domin wani wuri sai ya faɗa wani wurin.

Game da Dragon Ball kuwa, ina roƙonka ka fara bincika wane kwafi ne a hannunka kafin ka zargi kunnenka, domin mu nan abin da masu tura fina-finai a waya suka ba mu shi muke kalla, ba mu tambayar daga ina ya fito. Kiɗan asali na Dragon Ball Z na Shunsuke Kikuchi ne, amma a fassarar Turanci ta Amurka an cire shi an sa na Bruce Faulconer, wanda yake kaɗawa kusan ba tsayawa, har a wuraren da Japanawa suka bar shiru da gangan domin mai kallo ya ji nauyin abin da ya faru. Na san akwai masu son wannan kiɗan a cikinmu, da shi suka tashi, ba kuma ina raina su ba ne. Dragon Ball Kai kuma, wato Dragon Ball Z da aka sake tacewa, nasa labarin daban ne: a watan Maris na 2011 kamfanin Toei, mai shirin, ya sanar cewa akwai alamun wasu kaɗe-kaɗen Kenji Yamamoto, makaɗin Kai, sun keta haƙƙin mallakar wasu, aka janye su, aka liƙa tsofaffin na Kikuchi a kan hoton da ba da su aka tace shi ba. Idan wannan kwafin ne ya zo hannunka, abin da ka ji gaskiya ne. Ka kuma guji shafukan da suke yanko fim su ɗora masa wani kiɗa don kada a sauke musu bidiyo, domin waɗannan ba ruwansu da ko mutuwa ake yi ko biki.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai masu haɗa kiɗan da ya saɓa da hoto da gangan, kuma idan sun iya, abin yana ratsa jiki fiye da kiɗan makoki. Darakta Hideaki Anno ya yi fice a wannan. A The End of Evangelion na 1997, a daidai lokacin da 'yan Adam suke narkewa duniya tana ƙarewa, waƙa ce mai daɗi take tashi da fiyano da tafi, amma baitocinta na ƙin kai ne da yanke ƙauna. A fim ɗinsa na 2009 kuma waƙar bankwana ta yara ya sa yayin da wani mutum-mutumin yaƙi yake yayyaga ɗan'uwansa, yaron da ke ciki yana ihu ya kasa tsayar da shi. Lokacin da na kalli wannan wurin cikina ne ya juya, na kasa ɗauke ido, kuma ko sau ɗaya ban tuna cewa waya nake riƙe da ita ba. Da wannan nake auna su yanzu, domin waƙar rufewar da ka koka a kanta tana tashi na tuna da ɗakin da nake ciki da mutanen da ke kallona.

Saboda haka kada ka jefar da shirin, ka ƙarasa shi, domin akwai sauran wurare masu nauyi a gaba. Ka ajiye yatsanka kusa da maɓallin tsayarwa, hoton ƙarshe yana gushewa ka danna, ka zauna da abin da ka ji kafin ka wuce kashi na gaba, kuma ka kashe tsarin nan da yake wucewa da kansa. Don Allah kada ka kalli irin wannan labari cikin taro, musamman idan akwai wani rashi da bai warke maka ba. Ka sa abin kunne, ka kalla kai kaɗai, ko da wanda ka tabbata yana ganin mutuncinka. Ni ban ƙara kallon abin tausayi da kowa ba sai da matata, ita ma sai da na ba ta labarin nan tukuna. Masu cewa ka kashe sauti kuma ka bar su, domin wanda ya kashe sauti ya zubar da muryoyin 'yan wasan, ya zubar da shirun da aka bari da gangan, ya kuma rasa kiɗan da ke cikin labarin na Clannad, wanda yawancinsa ya zauna daidai wurinsa.

Idan ka faɗa mini ko muryoyin Japananci kake ji a Dragon Ball ɗin naka ko na Turanci, da kuma ko Z ne ko Kai, in sha Allahu zan gaya maka kiɗan wa kake saurare da wanda ya kamata ka nema.