Tambaya da Amsa: Bas mai iskar gas a zafin Sakkwato

Tambaya: Malam, ina da bas ƙirar Hiace mai shan fetur, tana jigilar Sakkwato zuwa Illela. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye ribar. In maida ta mai shan CNG, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya? Kuma zafin bazara ba ya fasa tukunyar? Daga wani mai mota, Runjin Sambo.

Amsa: Alhaji, kafin ka kai motar gareji, fara sanin inda za ka riƙa shan gas ɗin. Bututun gas na AKK daga Ajaokuta ya nufi Kaduna da Kano, bai biyo ta Sakkwato ba, don haka duk CNG da za a sayar a nan sai tirela ta kawo shi. Tukunya mai lita 65 gas ɗinta bai wuce kwatankwacin lita 14 na fetur ba. Ba za ta kai ka Illela ta dawo da kai ba, sai ka ɗaura biyu, kuma nauyin kowace ya kusa na fasinja guda. Kada a cire tankin fetur.

Batun fashewa kuwa, rana ba ta fasa tukunya ta gaskiya. Ana cika ta a matsin bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), masana'anta kuma ta gwada ta a 300. Wadda ke kashe mutane ita ce wadda mai walda ya haɗa, ko ta gas ɗin girki, wanda matsinsa ba ya kai bar 20 ko a Afrilu. Duba jikin tukunyar: lamba da ranar gwaji a buge suke a ƙarfe. In babu, ko kyauta kada ka karɓa. Abin da zafi ke yi shi ne ya rage maka awo, don gas mai ɗumi kan kai bar 200 tun tukunya ba ta ƙoshi ba. Sha da asuba.

Inda aka fi samun matsala shi ne regileta mai sauke matsin. Ruwan lagireto ke ɗumama ta. In tiyon ya toshe sai ta yi ƙanƙara, mota ta riƙa mutuwa a hanya. Gas ya fi fetur wahalar kamawa da wuta, tsohon fulogi ba ya iyawa. Busasshe ne kuma, yana cin mazaunin bawul, sai makanike ya riƙa duba saitinsu. Ƙarfin inji zai ragu da kamar kashi 10 cikin 100. Yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa a kowace mahaɗa.

(Masu bas mai shan man gas, wato dizal: sunan ne kawai ya zo ɗaya, injinku ba shi da fulogi, aikinsa daban ne kuma ya fi tsada.)

Tambaya: Bas mai lantarki fa, za ta yi a cikin gari? Daga wata malamar makaranta, Mabera.

Amsa: Malama, za ta yi, don tsaya-tashi na cikin gari shi ne inda ta fi ƙarfi, birki ma yana mayar mata da caji. Amma batir ba ya son zafin da ya haura digiri 40, kuma AC na shan cajin sosai. Sai an tanadi rumfa, da taransifoma ta tashar kanta, a yi caji da dare.