Ƙanena mai digirin tattalin arziki, kada ku sayar da filin nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ba kasafai nake rubutu a nan ba, karantawa nake in wuce, amma tambayar yaron nan da ya ɓoye sunansa ta tsaya min a rai tun jiya. Ya ce ya karanta tattalin arziki, ya fita da sakamakon 2:2, wato mataki na biyu na ƙasa, wata goma ke nan da gama bautar ƙasa, shekarunsa 28, kuma wani ya ce a kawo naira miliyan biyu a samo masa aiki a wata hukumar tarayya, har mahaifinsa ya fara maganar sayar da fili. Yana tambaya wai masu wannan digiri ina suke zuwa, kuma a biya kuɗin ko kada a biya.

Ƙanena, wallahi kamar labarina ka rubuta. Zan fara da tambaya ta biyu, don ita ce ke ƙona min zuciya. Kada ku biya. Ko kwabo kada ku ba shi.

Na gama a 2014, bayan yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya cinye mana kusan wata shida. Na yi bautar ƙasa ina karɓar alawus na naira 19,800, na dawo gida a 2016, daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya karye, dala ta tashi, kamfanoni suna sallamar ma'aikata. Shekara guda ina yawo da takardu a ambulan. A 2017 kawuna ya haɗa mu da wani abokinsa, muna ce masa Alhaji. Farar shadda, ƙamshin turare, waya biyu a hannu, ba ya minti biyar bai ambaci sunan wani babba ba. Ya ce akwai gurbi, amma sai an "ga mutane", naira dubu 700.

Umma ce ta tashi tsaye. Tana da sarƙa da 'yan kunne na zinare da ta ajiye shekara da shekaru don kayan ɗakin ƙanwata, ta ba da aka kai kasuwa. Ta haɗa da tumakinta biyu, Yaya ya cika daga jarin shagonsa. Har yau ina ganinta zaune kan tabarma bayan isha'i, tana lissafa kuɗin ɗaya bayan ɗaya tana tofa addu'a, ta ƙulle su a baƙar leda ta miƙo min da hannu biyu, ta ce, "Allah ya sa wannan ne ƙarshen wahalarka." Bayan wata huɗu Alhaji ya kawo takardar kama aiki, da tambari, da sa hannu, da sunana ɓaro-ɓaro. Umma ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Mata suka riƙa shigowa suna yi mata barka.

Na hau mota zuwa Abuja, na kwana a ɗakin wani abokina a Mararaba, na goge kaftanina da asuba. Da na isa ofishin aka tura ni wurin wata mata mai manyan shekaru. Ta karɓi takardar, ta duba gaba, ta juya baya, ta ɗaga ta ga haske, sannan ta ce in zauna. Ta ɗan jima ba ta ce komai ba, can ta ce, "Ɗana, nawa ka biya?" Na kasa amsawa. Ta ja aljihun tebur ta fito da tarin takardu irin tawa sak, an ɗaure su da roba. Ta ce mutumin da aka yi sa hannunsa ya bar wurin tun shekara biyu da suka wuce. Ta ce in tashi in tafi kafin masu tsaro su shiga maganar, domin riƙe takardar bogi ma laifi ne. Allah ya saka wa matar nan da alheri duk inda take.

Na fito na zauna ƙarƙashin wata gada tun hantsi har la'asar. Wayata tana ta ƙara, Umma ce, tana son jin ko an ba ni ofis. Sau bakwai ta kira ban ɗauka ba. Ban san da wane baki zan gaya mata ba. Da na dawo gida na faɗa mata, ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai ce, "Allah ya isa," ta shiga ɗaki. Da dare na ji shessheƙarta ta bango. Alhaji kuwa da farko ya ce a yi haƙuri ana gyara, daga baya ya daina ɗaukar waya. Da muka ce za mu kai ƙara, kawu ya zo har gida yana cewa kada a ɓata zumunci, kada a tona asirin dattijo. Asirin dattijo! Namu asirin fa? Dubu 100 kaɗai ta dawo, ita ma guntu-guntu. Da bashi aka yi wa ƙanwata kayan ɗaki. Kuma har gobe ina ganin mutumin nan a sahun gaba wajen ɗaurin aure, ana ba shi hannu biyu. Na yi ƙoƙarin yafe masa, ban iya ba tukuna.

Ka yi haƙuri na ja zancen, amma so nake ka ji shi da kyau. Ko da a ce wani ya taɓa sayen aiki ya dace, haram ce, kuma haƙƙin wani ya ci. Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya idan ta buɗe shafinta, kyauta ake cikewa. Ka cike, ka yi addu'a, ka ci gaba da neman abin yi.

Yanzu ga tambayarka ta farko, ta inda masu wannan digiri suke zuwa. Matsalarmu a gida ita ce da an ji "tattalin arziki" sai hankali ya tafi Babban Banki. Ana tuna Sarki Sanusi, wanda ya gama wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello a 1981, ya koyar, ya shiga banki, har ya riƙe Babban Bankin daga 2009 zuwa 2014. Ana tuna Dakta Mansur Muhtar da ya shugabanci Ofishin Kula da Basussuka kafin ya zama ministan kuɗi a 2008, ana tuna tsohuwar ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Gaskiya ne wuraren nan na masu fanninmu ne, su da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da hukumar inshorar ajiyar banki NDIC, da hukumomin tara haraji, da ma'aikatun kasafi da tsare-tsare na jihohi. Amma kujerun kaɗan ne, mu kuwa kowace shekara jami'o'i suna ta yaye mu. A 'yan ajinmu da muke zumunci har yanzu, mutum ɗaya ne yake ma'aikatar kasafin jiharsu. Uku suna koyarwa a sakandare. Ɗaya ya yi digiri na biyu yana koyarwa a kwalejin ilimi. Wani yana da shagunan POS, kuma ya fi mu duka rufin asiri tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Wata ta yi aikin banki na kwantiragi, ana ɗora mata adadin kuɗin da za ta jawo kowane wata, tana bin 'yan kasuwa shago-shago cikin rana, har hawan jini ya kama ta ta ajiye.

Maganar banki ma, zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Yawancinsu idan za su ɗauki sababbin masu digiri suna yanke shekaru a 26 ko 27, wasu kuma sai mai 2:1, matakin da ke sama da naka. To da 28 ƙofar ta ƙuntata. Kada wani ya ruɗe ka ka je kotu ka rage shekaru, BVN da NIN za su tona ka. Idan kuma kuɗin ruwa ne ke damunka kamar yadda ya dami Babanmu, akwai bankunan Musulunci, Jaiz da ya fara a 2012 da TAJ da ya zo a 2019, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiyar koyar da harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Ka leƙa ka gani.

Ni N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, ce ta riƙe ni bayan abin da ya faru, naira dubu 30 a wata, ina koyarwa a firamare. Wata rana wani abokina ya sa sunana cikin masu tattara bayanai a wani binciken manoma, aikin mako biyu, muna shiga ƙauyuka da ƙaramar kwamfutar hannu muna cike tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox. Ranar ƙarshe shugabar aikin ta tambaya wa zai iya gyara bayanan a manhajar lissafi ta Excel ya fitar mata da jadawali, za ta ƙara masa kwana goma. Mu tara ne, huɗu masu digirin tattalin arziki, babu wanda ya ɗaga hannu. Na ji kunya har cikin ƙashina. Shekara huɗu muna zana layin buƙata da na samarwa a allo, muna haddace lissafin da ake gwada alaƙar farashi da kuɗin shiga, amma ban taɓa zuba lambobi na gaske a kwamfuta na tambaye su komai ba. Kundin kammala digirina ma wani na biya ya yi min lissafin babi na huɗu, kamar yadda yawancinmu muka yi.

Na tara alawus na wata uku na sayi tsohuwar kwamfuta a titin Beirut na Kano, batirinta ba ya minti arba'in. Da dare idan an kawo wuta in zauna da YouTube, Excel tukuna, daga baya Stata, manhajar nazarin alƙaluma. Ina sauke rahoton hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ke fitarwa kowane wata, kyauta yake a shafinsu, in yi ta juya shi har in gane. Da aka sake kiran irin wancan aiki na ɗaga hannu. Daga nan na samu shiga sashen bibiya da tantance ayyuka na wata ƙungiyar agaji a Damaturu, na yi shekaru a can. Babu wanda ya tambaye ni 2:1 ko 2:2 a intabiyu, kwamfuta aka ajiye min aka ce ga bayanai, fitar mana da abin da suke cewa.

Shi ma aikin ƙungiyoyin kada ka ɗauke shi gado. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, a farkon 2025, mutane da yawa da na sani suka dawo gida da iyali a wuya, ni ma kwantiragina bai sabunta ba. Yanzu ina tare da wani ɗan kasuwa a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, mai fitar da riɗi da zoɓo waje, ina riƙe masa lissafi ina bin farashi. Kuma ka san wani abu? A nan na fi ganin amfanin karatuna. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni kasuwa ta riƙa yanke mata farashi, kuɗin mota da canjin dala suke iya cinye ribar tirela guda cikin mako. Maigidana ya fi ni sanin kasuwa nesa ba kusa ba, yana damƙar riɗi a hannu ya gaya maka garin da aka noma shi. Amma idan na buɗe masa jadawali na nuna masa abin da buhu ya tsaya masa bayan dako, da lebura, da hayar sito, da canji, sai ya yi shiru ya gyara zama. 'Yan kasuwarmu da yawa suna buƙatar irin wannan, ba sa sa talla a jarida, sai ka je da ƙafarka ka nuna abin da ka iya.

Idan lissafin kuɗi ne ke burge ka, fara jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci, ko CITN ta haraji, kana yi kana ɗan aikinka. Idan koyarwa ce, kada ka raina ta, yi difilomar koyarwa ta PGDE ka yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Digiri na biyu kuwa kada ka shige shi don gudun tambayar mutanen unguwa, na ga waɗanda suka yi haka suka fito da takarda biyu da matsala ɗaya. Kuma don Allah ka riƙa fita daga ɗaki. Na san yadda ake ji idan an idar da sallah wani ya dafa ka ya ce, "Har yanzu shiru?" Akwai lokacin da na koma sallar asuba a wani masallaci mai nisa don kada in haɗu da masu tambaya. Wannan zaman kaɗaicin ya fi rashin kuɗin illa, shi ne ma ya sa na faɗa hannun Alhaji.

Ka yi min magana ta akwatin saƙo, ba sai ka faɗi sunanka ba. Zan tura maka darussan Excel da na fara da su da wasu bayanan gwaji, idan kana Kano kuma ina da lokaci ranar Asabar bayan azahar. Ka gaishe min da Baba, ka karanta masa abin da ya faru da zinaren Umma kafin dillali ya zo ganin filin.