Auna bambancin siffar karfasar Tiga da ta Challawa

Ka tambaya ko awo da tef kaɗai zai isa ya nuna cewa karfasar madatsar ruwa ta Tiga ta bambanta da ta Challawa a siffar jiki. Ba zai isa ba, domin ɗanyen awo girman kifi yake nunawa, kuma babban kifi zai fi ƙarami a kowane awo ko da siffarsu ɗaya ce. Abin da ya kamata shi ne ka auna tsawon kowane kifi daga bakinsa zuwa gindin wutsiyarsa, sannan ka raba sauran awon, wato tsawon kai da faɗin jiki da faɗin ido, da wannan tsawon. In kana da kyamara, ya fi kyau ka kwantar da kifin, gefen hagunsa yana sama, da rula a kusa da shi, ka ɗauki hoto daga sama tsaye, ka sanya alamomi a gurabe iri ɗaya a hoton kowane kifi da tpsDig, wato manhajar kwamfuta ta sanya alamomi a hoto domin kwatanta siffa.

Sharaɗin da nake jaddadawa shi ne ka auna kifin yana sabo, kuma ka ware maza da mata. Na taɓa auna karfasar da ta kwana a firiza a nan Kano, da ta narke sai na tarar bayanta ya lanƙwashe, alamomin duk suka goce. Haka kuma macen da ke ɗauke da ƙwai cikinta kan faɗaɗa, ta yadda za ka zaci bambancin ruwa ne alhali na lokacin hayayyafa ne, saboda haka ka karɓi kifin wuraren biyu daga masunta a cikin mako guda.