Hukuncin Kai Ƙarar Ma'aikaciyar Walwalar Jama'a Da Ta Tona Asiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kai wa wata ma'aikaciyar kula da walwalar jama'a kukana game da rashin jituwar da ke tsakanina da maigidana, har na gaya mata abubuwan da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Ba a jima ba sai na ji maganar a bakin dangin mijina. Shin ta yi laifi a shari'a? Kuma idan na kai ƙararta ga shugabanninta, na yi gulma ne, musamman da yake ƙarar na iya raba ta da aikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, duk abin da kika faɗa wa wannan ma'aikaciya domin ta taimake ki amana ce a wuyanta, kuma Allah Maɗaukakin Sarki ya hana muminai ha'intar amanoninsu a Suratul Anfal, aya ta 27. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya bayyana cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar nan amana ce. Idan waiwaye kawai ya wadatar wajen mayar da zance amana, ina ga wadda ta shiga ofis, aka rufe ƙofa, aka buɗe mata fayil, bisa sharaɗin aiki cewa abin da ta faɗa ba zai fita ba? A nan amanar ta haɗu da alƙawari, don haka laifin ya ninku. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Brunai a shekarar 1414 Hijira, daidai da 1993, ta fitar da ƙuduri mai lamba 79 kan sirri a aikin likitanci, inda ta ce wajibcin riƙe sirri yana ƙara ƙarfi a kan masu sana'o'in da mutane ke buɗe musu cikinsu domin neman shawara da taimako. Wannan dalili ya hau kan ma'aikatan walwala sarai, domin ranar da mata suka daina yarda da su, ranar aikin ya mutu, kuma waɗanda ake cutarwa a ɓoye su ne za su fara yin shiru.

Sai dai akwai halin da bayyana sirri ke halatta, wani lokaci ma ya wajaba. Idan a cikin bayanin akwai abin da ke nuna ana cutar da yaro, ko ran wani yana cikin haɗari, ko alƙali ya nemi bayanin, ko ke da kanki kika ba da izini, to babu laifi ta sanar da wanda ke da ikon kawar da cutar, gwargwadon buƙata kawai. Gaya wa dangin miji don hira, ko don neman yardarsu, bai shiga wannan ba ko kaɗan, ko da ta ce sulhu ta yi nufi, domin sulhun da mai sirri ba ta amince da shi ba sau da yawa wuta yake ƙara rurawa.

Kai ƙara kuwa ba gulma ba ce. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan ga Annabi (SAW) kan rowa, bai ce ta yi gulma ba, kuma Imamun Nawawi ya sanya kai kuka ga mai iko a farkon wurare shida da ambaton aibin mutum ke halatta. Amma kafin ki ɗauki mataki, ki tabbatar cewa daga bakinta maganar ta fita, domin fayil yakan bi ta hannun mutane da dama a ofis, kuma mai yiwuwa maigidan naki ne ya kai wa danginsa labari. Idan abin da kike da shi zato ne, ki rubuta cewa bayananki sun fita kuma kina neman a bincika, kada ki ɗora wa mutum ɗaya laifi ba tare da hujja ba. Idan kin tabbatar, ki kai wa shugabanta ko hukumar da ke sa ido kan aikinsu, ki faɗi abin da ya faru ba ƙari. Yaɗa sunanta a Facebook ko WhatsApp ya wuce abin da aka halatta miki, kuma zai ƙara bazar da sirrin da kike kuka a kansa.

Idan bincike ya kai ga ladabtar da ita ko sallamarta, babu zunubi a kanki, domin hukuncin na shugabanni ne kuma ita ta jawo shi da hannunta. Yafiya tana da lada babba, amma ni a ganina idan akwai alamar cewa halinta ne, kai ƙarar ya fi, saboda sauran matan da sirrinsu ke hannunta. Ita kuma tuba ta wajaba a kanta tare da neman afuwarki. Allah ne mafi sani.