Ranar allura ba ranar hoto ba ce

Ƙanena, na ga takardar neman biya da kamfanin inshora ya dawo maka da ita, na kuma ga tambayarka. Ka ce majiyyacin ya zo da zazzaɓin da aka rasa dalilinsa, aka yi masa allurar Galiyam-67, sinadari mai fitar da hasken da kyamarar asibiti ke gani, ranar Litinin, aka ɗauki hoton dukkan jikinsa ranar Laraba, aka sake ɗauka Alhamis. Kai kuma ka rubuta 78806 sau biyu a matsayin lambar aikin da za a biya, kana son sanin inda ka kauce.

Da farko, lambar da ka ɗauko ta daina aiki. Littafin CPT, wato kundin lambobin ayyukan asibiti da Ƙungiyar Likitocin Amurka ke sabuntawa kowace 1 ga Janairu, ya cire 78805 da 78806 da 78807 tun shekarar 2020. A da, neman kumburi da neman ƙari kowanne da gidansa. Yanzu an haɗa su a gida ɗaya, daga 78800 zuwa 78804, aka ƙaro 78830 da 78831 da 78832. Ina kyautata zaton daga tsohuwar takardar da ke manne a bangon ofis ka kwafo. Ka cire ta yau, don Allah.

Tunda aka haɗa su, sunan cutar ba shi ne ke zaɓar maka lamba ba. Abin da kyamara ta yi shi ne alƙali. Ka karanta rahoton likitan hoto har ƙasa, ka nemi wane yanki aka ɗauka, kwana nawa aka yi ana ɗauka, da kuma irin hoton. Hoton shimfiɗe na yanki ɗaya a rana ɗaya 78800 ne. Dukkan jiki a rana ɗaya 78802. Dukkan jiki a kwana biyu ko fiye 78804, kuma sau ɗaya ake rubuta ta, domin kwanakin suna cikinta. Wannan ita ce ta majiyyacinka.

Ga inda masu koyo suka fi tuntuɓe. Da a ce Laraba kaɗai aka ɗauki hoto, ba za ka ce ai ya zo Litinin ya zo Laraba, kwana biyu ke nan ba. Litinin allura kawai aka yi, kyamara ba ta ga komai ba. Galiyam sai ya ɗan haura kwana uku ƙarfinsa ke raguwa da rabi, wajen awa 78, shi ya sa ake barinsa ya bi jini ya taru inda ciwon yake kafin a duba. Jiran ba hoto ba ne, don haka 78802 za ka sa. Idan kuwa kyamarar ta zagaya jiki ta fitar da hoto yanka-yanka, wato SPECT, yanki ɗaya a rana ɗaya 78803 ne, in an haɗa da CT, wato hoton X-ray yanka-yanka, don gane wurin sai ta koma 78830.

Sannan ban ga sinadarin a takardarka ba, ko da yake nan gaba zan faɗa maka a takardar wa yake shiga. Shi yana cikin jerin HCPCS na lambobin magunguna da kayan aiki, lambarsa A9556, kuma da milikuri, ma'aunin ƙarfin haskensa, ake ƙirga shi. In an ba mutum milikuri 5, adadi 5 za ka rubuta. Kada ka haɗa shi da A9570, ta fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci da aka yi wa alama da Indiyam-111, wadda ake ƙirgawa ɗaya ga kowane gwaji. Ni kaina na taɓa yin watanni ina sa ɗaya a wurin Galiyam, har sai da aka zo binciken lissafi, kuma hasarar da na jawo wa wurin da nake aiki ta daɗe tana damuna.

Mu kuɗin karanta hoton da likita ya yi muke nema, saboda haka a liƙa 26, alamar aikin likita, a bayan lambar. Mai na'ura da ma'aikata shi ke sa TC, alamar aikin na'ura, kuma sinadarin a takardarsa zai shiga, ba a tamu ba. Ka fara tabbatar da wa kake wa aiki.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Na ga likitan da ya turo shi ya rubuta cewa yana zargin ciwon daji na jini, kai kuma ka fara laluben lambar ciwon dajin. Dakata. Ƙa'idar ICD-10-CM, kundin lambobin cututtuka, ga wanda ba a kwantar ba ta hana a sa lambar cutar da ake zargi kawai. Abin da aka tabbatar shi ne zazzaɓi, to R50.9 za ka rubuta, sai in rahoton hoto ya tabbatar da wani abu. Lambar da ka danna tana shiga tarihin lafiyar bawan Allah nan, ta bi shi asibiti bayan asibiti, kuma goge ta aiki ne ja. Mutumin da bai da daji kada ya wayi gari da shi a takarda saboda gaggawarmu.

Ka gyara takardar ka kawo mini in duba kafin ka sake turawa. In rahoton bai faɗi adadin milikurin ba, kada ka yi ƙiyasi, ka koma wurin likita ya ƙara rubutawa ya sa hannu.