Amsa: Me ya sa ƙwan lantarki ke kamawa nan take alhali ilektaron na tafiyar hawainiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya yaya ƙwan lantarki ke kamawa da an danna makunni, bayan an ce ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, ba sa sauri cikin waya. Lallai ba sa sauri. Lissafin shi ne v = I/(nAq): v saurin ilektaron, I yawan wutar da ke gudana (a amfiya), n yawan ilektaron masu yawo a kowace mita kubik, A faɗin bakin waya in an yanka ta, q cajin ilektaron ɗaya. A jan ƙarfe, n kusan 8.5 × 10²⁸ ne a kowace mita kubik, q kuwa kulom 1.6 × 10⁻¹⁹. Ɗauki wayar soket mai 2.5 mm² ɗauke da amfiya 10: za ka samu milimita 0.29 a daƙiƙa, wato mita ɗaya da ɗoriya a awa guda. Kula fa, mayar da mm² zuwa m² tukuna (2.5 × 10⁻⁶), nan ɗalibai suka fi zamewa.

Abin da ke gudu kusa da saurin haske turin lantarkin ne. Wayar dama cike take da ilektaron, kamar tiyo cike da ruwa: ka buɗe famfo, ya fito ta ɗaya bakin. A wutar gida mai hez 50 ma (mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa) gaba da baya kawai ilektaron suke yi, tazarar wajen maikuromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Idan waya ta ɗau zafi, girgizar atom na sa ilektaron yawaita karo da su, sauƙin motsin ilektaron ya ragu, turjiyar jan ƙarfe ta ƙaru da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na Salshiyas.