Me ya sa tamburan jiragen ruwan yaƙin Ingila ba su da siffa ɗaya?

Malam, ka ce ka ga tambarin wani tsohon jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai kusurwa biyar, wani kuma zagayayye, kana tambayar dalili. A da, siffar ce ke nuna irin jirgin. A 1918 rundunar ruwan Ingila ta kafa kwamitin tambari, Manjo Charles ffoulkes, mai kula da tsoffin makamai a Hasumiyar Landan, shi ne mai zana su. Manyan jiragen yaƙi suka samu da'ira, masu bi musu kusurwa biyar, ƙananan masu sauri siffar garkuwa, sauran kuma siffar lu'ulu'u. Duka ana kewaye su da igiya, a ɗora kambi a sama, mai zanen bayan jirgi da ƙyallen iska mai tura jirgin ruwa.

Sai dai ka lura da shekara. Daga 1940 aka mayar da sababbin tambura zagayayyu. Na taɓa riƙe wani na tagulla a hannuna, na ɗauka na babban jirgi ne saboda da'irarsa, ashe ƙaramin jirgi ne na bayan 1940. Fara karanta sunan da ke ƙarƙashin kambin, da shi za ka gano lokacin jirgin.